Addu'ar Mama Ta Karɓu, Ni Kuma Na Shiga Uku

Jama'a, kafin ku fara yi mini dariya ku bari in gyara zama, don ni ma na yi wa kaina har cikina ya ƙulle.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce autar gidanmu, ina aiki a wani kemis da ke bakin titi. Shekaruna sun kai matakin da in an yi biki a dangi, kowace gwaggo sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Saura ke." Mamana kuwa ita ce shugabar matan cocinmu masu addu'ar Allah ya kira ɗaya daga cikin samarinmu ya zama fada, wato limamin cocinmu na Katolika, wanda ba ya aure. Tun da aka gina cocin ba mu taɓa fitar da fada ɗan gida ba, kullum na wani wuri ake turo mana, abin kuma yana ci wa Mama rai kamar ita aka zaga. Roƙonta biyu ne a duniya, kuma a numfashi ɗaya take yin su kowace safiya, da rozari, carbin addu'armu, a hannu: "Ya Ubangiji, ka ba cocinmu fada, ka ba Auta miji."

Wata Lahadi Fada ya yi sanarwa cewa za a fara karɓar yara mata cikin masu hidimar bagade, wato yaran nan masu fararen riguna da ke riƙe kyandir da gicciye, suna kaɗa ƙararrawa lokacin Mas, babbar ibadarmu. Ya ce ana neman babbar mace da za ta riƙa kula da su. Ni da nake zama a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, saboda iska da saurin ficewa, sai ga hannuna a sama. Mama ta waigo ta dube ni kamar ta ga akuya na karanta jarida. Da muka koma gida ta rungume ni, ta ce Ruhu Mai Tsarki ne ya taɓa ni.

Ba Ruhu Mai Tsarki ba ne. Dogo ne.

Dogo shi ne shugaban masu hidimar. Tun yana ɗan ƙarami yake riƙe kyandir a cocin nan, har ya girma ya zama mai gyaran wutar lantarki, amma duk Asabar yana nan yana koyar da yara. Doguwa ce ni ma, amma sai na ɗaga kai nake kallonsa. Kullum hannun rigarsa a naɗe, akwai ɗan tabon ƙuna a babban yatsansa, magana kuma a hankali yake yi kamar yana tsoron kada kalmar ta zube a hanya.

Asabar ta farko na je da siket mai ruwan toka wanda na yi wa guga har ya kusa magana, da ɗankwali na mutanen kirki. A ɗakin ajiye kayan bagade na same su, ɗaki mai ƙamshin kakin kyandir da tsohon turare, fararen riguna na rataye a jere, ƙanana da manya. Dogo yana nuna wa yara yadda ake lilo da kaskon turare, wannan mai murfi da doguwar sarƙa.

"Anti, ko za ki gwada?" ya ce.

Da na ce ban iya ba, da mutuncina yana nan. Sai na ce, "Wannan ai ba wani abu ba ne."

Na karɓa na wulwula shi kamar mai korar kaji daga shanya. Murfin ya buɗe, garwashi ya yi tsalle ya sauka a kan siket ɗina, hayaƙi ya shige mini hanci. Ina tari, ina tsalle, ina kakkaɓe jiki, yara kuwa har da masu kwanciya a ƙasa don dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya take garwashin da takalmi, ya kama sarƙar daga sama da hannuna, ya ce, "Ba faɗa ake yi da shi ba, Anti. Ki bar shi ya tafi, zai dawo da kansa."

Siket ya tafi, zuciya ma ta bi shi.

Daga nan saƙonni suka fara. Da farko na aiki ne: "An wanke rigunan yara?" "Ƙaramar nan tana tsoron wutar kyandir, ki lallashe ta." Sai wata rana da azahar ina kemis, waya ta yi ƙara: "Kin ci abinci?"

'Yan uwana mata, ku faɗi gaskiya. Namiji ya tambaye ki kin ci abinci, me ya rage? Na ajiye lambarsa da sunan "Mai Gyaran Wuta" don kada Yayata ta gane, ita da wayar mutum ba ta tsira a hannunta. Ya fara biyowa ta kemis yana sayen filasta, alhali ban ga ciwo a jikinsa ba. In mun gama da yara ya rako ni har kwanar gidanmu, muna tafiya a hankali kamar masu bin gawa. Bai taɓa cewa yana sona ba. Ni kuma na riga na zaɓi launin labulen ɗakinmu, har na fara fushi da shi a zuciyata saboda na san zai ce ya yi duhu.

Sai ranar wata Alhamis wannan saƙon ya shigo:

"Ina da magana mai nauyi. Zan zo gidanku Lahadi bayan Mas. Ina son Mama da Baba su kasance. Na daɗe ina riƙe da ita a raina."

Na karanta a tsaye, na karanta a zaune, na shiga bayan kanta na sake karantawa. Wata mata ta nemi maganin tari na miƙa mata na tsutsar ciki, Allah ya sa ta iya karatu. Na rubuta masa amsa mai tsawo na goge, na rubuta wata na goge, daga ƙarshe na tura, "To, Allah ya kai mu," kamar ba ni ce ke rawa a gaban firjin allurai ba.

Kuskurena ɗaya, na nuna wa Yaya. Ta rantse ba za ta faɗa ba. Kafin in cire takalmi Mama ta ji. Kafin in sha ruwa Gwaggo ta bugo waya tana tambayar ko yaron yana da hankali.

Ranar Asabar gidanmu ya koma kamar za a karɓi Bishop. Aka sauke labulen falo aka wanke, aka fito da kofunan gilashin da ke cikin kabad tun ban san kaina ba, waɗanda ko Baba ba a yarda ya taɓa. Mama ta sa aka matsar da kujera don ta rufe inda fenti ya ɓare. Baba yana gefe da rediyonsa ya ce, "Yaron nan fa ya sha zuwa gyara mana soket. Ya san bangon nan fiye da ku."

"Da mai gyara ne ya zo," in ji Mama. "Gobe suruki ne zai zo."

Lahadi na saka doguwar riga mai ruwan zuma, wadda tela ya matse ta har sai na zaɓi tsakanin numfashi da zama. Yaya ta yi mini kwalliya, ta zana mini gira irin ta mai mamaki. Kamar ta san abin da ke tafe.

Ya zo shi kaɗai, cikin farar riga, ya ɓalle maɓalli har wuya. Ya gaida Baba, ya durƙusa a gaban Mama. Ni ina bakin ƙofar kicin da faranti, kofuna suna kaɗawa a kai kamar ƙararrawar Mas.

"Mama," ya ce, "na zo ne in gaya miki, ina ganin addu'arki ta karɓu."

Mama ta ɗaga hannu sama. "Na gode maka, ya Yesu! Ɗana, tashi ka zauna, faɗi, kunnena naka ne."

"Shekara da shekaru ina jin ki kuna roƙo bayan Mas, ina tsaye ina kashe kyandir. Kullum sai in ji kamar da ni kuke. Na yi ta gudu. Yanzu na yi magana da Fada. Zan je makarantar fada in yi mako guda ina addu'a, in sun karɓe ni, in kuma na ji a raina haka ne, zan shiga."

Har rediyon Baba sai da na ji kamar ya rage murya.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta rabu biyu ba sai ranar. Rabin fuskar Mama na shugabar masu addu'a ne, yana son ya yi murna. Ɗaya rabin na uwar Auta ne, yana neman wanda zai mara. Hannayenta suna sama har yanzu, ta rasa yadda za ta sauke su.

"Makarantar... fada," ta ce.

"E, Mama. Ke na fara gaya wa bayan Fada da mahaifiyata. Ita kuma Anti," ya juyo ya dube ni, ya yi saurin sunkuyar da kai, "ina roƙon ta riƙe mini yaran. Sun saba da ita."

Ni kuma, jikar masu hankali, me na ce? Na ce, "Ga lemo."

Na ajiye farantin, na zuba masa har ya cika ya zube a tebur, ina murmushi da girar mamakina. Yaya ta sulale ta shige ɗaki, ina jin ta tana toshe baki da matashi. Baba ya gyara tabarau, ya dubi Mama ya ce, "Na sha gaya miki ki riƙa raba roƙon nan. Kina haɗa su a numfashi ɗaya, ga shi an ɗauka mutum ɗaya kike nufi."

Mama ta harare shi, sannan ta yi abin da ya sa na ƙara girmama ta. Ta ɗora hannu a kan Dogo ta yi masa addu'a, ta roƙa masa haske da ƙarfin zuciya. Sai dai na lura ba ta ce "Allah ya tabbatar" ba. Cewa ta yi, "Allah ya zaɓi abin da ya fi alheri," ta kuma nanata shi da ƙarfi, kamar mai tuna wa Allah wani abu.

Da zai tafi Baba ya ce, "Auta, raka baƙo." Na bi shi a baya, rigar tana cizona a haƙarƙari. A bakin get ya tsaya, yana murza tabon yatsansa.

"Kin yi shiru," ya ce.

"Me zan ce, Fada?"

"Kada ki kira ni haka."

"To me zan kira ka? Mai tambayar mutane ko sun ci abinci?"

Ya runtse ido kamar na watsa masa ruwa. "Na cancanci wannan."

"Filastan da kake saya fa? Bango kake liƙewa da su?"

"Suna nan a akwatin kayan aikina. Ko ɗaya ban ɓare ba." Ya yi ajiyar zuciya. "Ki saurare ni, don Allah. Tun ina yaro nake jin kiran nan. Na riga na saba da shi, kamar ƙarar firji a ɗaki. Na ce wannan shekarar zan amsa. Sai kika zo kika kusa ƙona mana coci."

Na so in yi dariya, hawaye suka riga ta fitowa.

"Na gaya wa Fada komai," ya ci gaba. "Har ke. Ya ce kada in kuskura in tafi ban faɗa miki gaskiya ba, wai wanda ya shiga da ɓoye-ɓoye, da ɓoye-ɓoye zai zauna. Na shirya faɗa a falo, na ga kofunan nan da labule, na gane abin da kuka ɗauka, sai ƙarfina ya ƙare. Gaskiyar ita ce ina sonki. Kiran kuma bai daina ba. Ban san wanne ne nawa ba." Ya dube ni ido cikin ido. "In kin ce in tsaya, zan tsaya."

Jama'a, kalmar da na yi wata da watanni ina jira, ga ta an ba ni, an naɗe ta da takardar sallama. Bakina ya buɗe. "Tsaya" tana kan harshena, har na ji ɗanɗanonta. Sai na hango mu nan gaba, muna zaune a benci da 'ya'ya, wani fada yana ɗaga kofi a bagade, Dogo yana kallonsa da irin idon da yake kallon kyandir in ya ɗauka ba mai ganinsa. Na hango kaina ina satar kallon fuskarsa kowace Lahadi har tsufa, ina tambayar kaina ko yana da-na-sani.

"A'a," na ce. "Ba za ka ɗora mini wannan kayan ba. Ni ko kaskon turare ban iya riƙewa ba, balle rayuwar mutum. Ka je ka tambayi wanda ya kira ka. In ya sake ka, ka san hanyar kemis."

Na juya da niyyar tafiya irin ta manyan mata, kai a sama. Rigar ta ce ɓarrr daga baya, zif ya rabu har tsakiyar gadon bayana. Haka na shiga gida da baya da baya, ina fuskantarsa kamar mai fita daga gaban sarki.

Na tarar da Mama a kicin tana wanke kofunan gilashi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ba ta juyo ba.

"Ya ce yana sonki, ko?"

"Laɓe kika yi, Mama?"

"Na haife ki, sai na yi laɓe?" Ta ajiye kofi. "Me kika ce masa?"

Na gaya mata. Ta rufe famfo. Sannan ta goge hannu a zaninta, ta juya ni ta kama bakin zif ɗin tana ƙoƙarin haɗawa.

"Na roƙi Allah ya ba cocinmu fada," ta ce a bayana. "Ban ce ya shigo falona ya ɗauka ba. Shekaru ina gaya wa matan nan, in Allah ya kira ɗanki ki sake shi da murna. Da daɗin faɗa, Auta, in ɗan wata ne." Ta ja hanci. "Kin yi daidai. Na tsani daidai ɗin nan, amma kin yi shi."

Na kifa kaina a kafaɗarta na yi kukan da ya wanke girar Yaya tas.

Na ɗauka an gama ke nan, saura in koyi zama da ciwona kamar kowa. Asabar ta zo na je wurin yara ni kaɗai, don shi yana ta sallamar masu aikin da ya karɓa kafin tafiya. Na jera su, na koya musu tafiya a hankali da kyandir, na ɗaure wa ƙaramar nan igiyar rigarta. Ɗaya ta tambaye ni, "Anti, in Yaya Dogo ya zama fada, ke za ki zama sista, irin matan coci da ba sa aure?" Na ce ta kula da wutarta.

Ana gobe zai tafi, da rana tsaka ina kemis ina jera kwalaben maganin tari, wata dattijuwa ta shigo. Siririya, da tsohuwar jaka a hammata, mayafinta ya koɗe amma a goge yake. Na san ta a coci, can gefen hagu take zama ita kaɗai. Mahaifiyar Dogo ce. Mijinta ya rasu tun Dogo yana goye, kuma shi kaɗai Allah ya ba ta.

Na zagayo da sauri na durƙusa. "Sannu da zuwa, Mama. Wane magani za a kawo?"

"Ba magani na zo saya ba, 'yata." Ta kama hannuna da hannayenta biyu, masu sanyi. "Ya gaya mini abin da kika ce masa. Ke yarinyar kirki ce. Ni ce ba ta kirki ba, don na kasa."

"Haba Mama..."

"Bari in gama. Ni na kai shi ya fara riƙe kyandir, don kada ya bi yaran banza. Na ba Allah aron sa, ban san zai riƙe ba. A coci kowa sai barka yake yi mini, mahaifiyarki ma ta rungume ni, ina murmushi. In na koma gida in zauna ina kallon ƙofa. Wa zai buɗe ta ya ce, Mama na dawo? Wane jika zan goya?" Hawaye suka gangaro mata, ba ta share ba. "Ni ba zan iya ce masa kada ya tafi ba, ina tsoron Allah. Amma ke in kin faɗa, ba zunubi ba ne, so ne. Kalma ɗaya yake jira daga bakinki, na san ɗana. Ki zo gidanmu yau in kin tashi aiki. Ki taimaki tsohuwa."

Na buɗe baki in maimaita mata jawabin nan nawa mai kyau na bakin get, wanda har Mamana ta yaba. Na neme shi sama da ƙasa na rasa. Ashe jarumtar tawa ta yini ɗaya ce, kuma na riga na kashe ta.

Waya ta yi ƙara a aljihun rigar aikina. Na zaro da hannu ɗaya, don ɗayan yana hannun tsohuwa har yanzu. Mamana ce ta turo saƙo: "Matan ƙungiya za su taru a coci da yamma mu yi wa Dogo addu'ar rakiya. Fada ya ce ke za ki jagoranci yara. Kada ki makara."

Na dubi saƙon, na dubi matar da ke riƙe da ni. Yamma ɗaya, uwa biyu, kowacce da inda take jirana.

"Za ki zo?" tsohuwar ta tambaya.

Ni da na ce ba zan ɗauki kayan kowa ba, sai na ji bakina, wannan bakin da bai taɓa shawara da ni ba, ya ce, "Zan zo, Mama."